Um Rakuba: Na Je Awon Riɗi, Na Dawo Da Wani Lissafi

A watan Disambar 2022 na cire babban yarona daga aji na sa shi a mota. Ɗan fari ne, don haka mai karatu zai yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Yana shekarar ƙarshe a wata sakandaren gwamnati da ke bayan garin Gadarif, saura 'yan watanni su zauna jarrabawar da a nan Sudan ake kira shahada. A ganina ina da hujja. Malamai na ta yajin aiki kan albashi, yau makaranta a buɗe gobe a rufe, ga shi kakar riɗi ta kankama, ina neman mai riƙe mini littafin awo wanda ba zai cuce ni ba. Uwarsa ta ce, "Alhaji, mako nawa za ku yi?" Na ce biyu. A raina kuwa na riga na yanke cewa boko ya ƙare ke nan.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Gadarif ita ce rumbun Sudan. Baƙar laka ce shimfiɗe iyakar ganinka, da damina ta riƙe tayar mota kamar danƙo, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Dawa da riɗi ake nomawa, da tarakta, tun shekarun 1940. Hausawa kuwa mun daɗe a nan. Wasu kakanninsu hanyar Makka ce ta biyo da su a ƙafa suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasunmu kasuwa ce ta kawo mu jiya-jiya.

Muka kama kwaltar da ta nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. A kusan rabin hanya akwai garin Doka, inda nake da mai masauki, wani dattijo Bahaushe haifaffen nan wanda bai taɓa ganin Kano ba amma Hausarsa ta fi tawa tsafta. Daga Doka ake sauka daga kwalta a bi turɓaya zuwa Um Rakuba. A Larabcin Sudan "rakuba" rumfa ce, irin ta kara da itace da ake kafawa don inuwa. Sunan wurin ke nan: mai rumfa.

Ƙauye ne, sai kuma sansanin 'yan gudun hijira a gefensa, kimanin kilomita 70 daga iyaka. An zaunar da mutanen Habasha a nan lokacin yunwar shekarun 1980, daga baya aka rufe. Da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray a farkon Nuwambar 2020 aka sake buɗe shi, cikin 'yan watanni mutane suka kai wajen 20,000. Da yawansu daga Humera da kewayenta suka fito, wadda ita ma ƙasar riɗi ce. Shi ya sa in ka zauna da su a kasuwar bakin sansanin, ana kurɓar gahawa, hira ba ta wuya: sun san farin riɗi, sun san yadda kwansonsa ke fashewa ya zubar da iri in aka yi jinkirin yanka, wasunsu kuma suna jin Larabci saboda cinikin kan iyaka.

A wannan kasuwa na haɗu da malamin. Ina jiran wani manomi da ya yi mini alkawarin buhu goma sha biyu, shi kuma yana sayen alli a wurin mai tebur, yana ƙirga sandunan ɗai-ɗai. Ya ce a gida kimiyyar lissafi da fiziks yake koyarwa a sakandare. Ya dubi yaron da littafi a hammata ya ce, "Ɗalibi ne?" Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "Da." Kalmar nan ta soke ni, amma na yi kamar ban ji ba.

Manomin bai zo ba, malamin kuma ya ce mu zo mu ga ajinsa, ba nisa. Makarantun ƙananan yara a sansanin sun samu tun makonnin farko, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Norway ce ta fara kafa su, malaman kuma daga cikin 'yan gudun hijirar aka ɗebo. Nasa ajin na manya ne, samari da 'yan mata da yaƙi ya katse wa sakandare. Rakuba ce ta gaske, an zagaye ta da tabarmar kaba, allon kuwa falanki ne da aka shafa wa baƙin fenti. Ya ce iskar daminar 2021 da ta yaye tantuna a sansanin ta tafi da rumfar farko, wannan ta biyu ce.

Da Turanci yake rubutu, don da shi ake karatun sakandare a ƙasarsu, sai ya juya ya yi bayani da harshensu na Tigirinya. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa ban tsinci komai ba. Ya rubuta wata tambaya, aji ya yi tsit, sai na ji yarona a bayana yana gunaguni da Larabci. Malamin ya miƙa masa alli. A makarantun Sudan da haruffan Larabci ake lissafi, daga dama zuwa hagu, inda wasu ke sa x da y su sin da sad suke sawa. Yaron ya faro daga wannan gefen allo, wata yarinya ta tashi ta faro daga wancan da nata haruffan, suka haɗu a tsakiya da amsa ɗaya. Ajin ya kaure da tafi. Ni ma na tafa, ko da yake ban san me aka ci ba.

Da muka fito na tambayi malamin wace jarrabawa yake shirya su. Ya yi 'yar dariya. "Ya Hajj, ta ƙasarmu tana can, ta nan kuma da Larabci ake yi. Da yawansu ko takardar da za ta nuna ajin da suka tsaya ba su tsira da ita ba." A lokacin wata ɗaya ke nan da sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Pretoria, amma mutanen Humera ba su ga hanyar gida ba. Na ce to don me ake wahalar? Ya ce yaron da ya shekara biyu bai riƙe biro ba, ko an buɗe masa jami'a gobe ba zai iya shiga ba. Sannan ya tambaye ni yaushe nawa yaron zai zauna shahada. Na ce muna dubawa.

Da la'asar aka yi ƙwallo tsakanin samarin sansanin da na ƙauye, a fili mai tsagogi, ragar kuwa sanduna biyu ne da igiya. Yarona ya tuɓe takalmi ya shiga wa 'yan ƙauye, aka ba su biyu da ɗaya. Yammacin Asabar 10 ga wata kuma duka ɓangarorin suka cunkushe a rumfar kallo guda, janareta na ƙugi, Maroko ta fitar da Fotugal daga gasar cin kofin duniya a Qatar. Ihun da aka yi da Larabci da Tigirinya da Hausa, har jakuna suka amsa. Bayan isha wani ya ɗauko kirar, wata 'yar garayarsu mai tsirkiya da yawa, aka buga ganga, aka yi da'ira ana rawar kafaɗa. Malamin ya ce rabin masu rawar 'yan ajinsa ne, kuma ranar da aka yi wasa washegari aji ya fi cika.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa a wajen Doka ya faru. Jikan mai masaukina yana wata sakandaren gwamnati a yankin, ya ja mu mu je kallon gwajin wasan kwaikwayonsu. Ranar yajin aiki ce, azuzuwa a kulle. Amma wani ustaz, malamin Larabci, ya zo da yamma a kan kekensa. Ya ce alli ya ajiye, bai ajiye yara ba.

A nan sai in yi wa 'yan'uwa da ke wasu ƙasashe bayani. Karatun sakandare a Sudan shekara uku ne, daga ƙarshe ɗalibi ya bi ɓangaren kimiyya ko na adabi. A shahada darussa bakwai ake haɗawa a fitar da maki bisa ɗari: Larabci, Turanci, addini da lissafi dole ne, sauran ukun na ɓangaren da ka zaɓa. Wannan makin shi ke raba wa yara jami'o'i, mai son likitanci a Jami'ar Khartum sai ya haura casa'in. To amma makarantar Sudan ba ta tsaya a nan ba. Akwai abin da suke kira daura madrasiyya, gasar makarantu da ake farowa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya, kuma ba ƙwallo da guje-guje kaɗai ba ne, har da wasan kwaikwayo, waƙar taro, karatun Alƙur'ani da gasar baitoci. Mu 'yan kasuwa mun saba ɗaukar wannan ɓangare a matsayin shiririta. Ni kaina na sha hana yaron zuwa.

Wasan nasu a kan "shel" ne. Duk mai sayen amfanin gona a nan ya san shi: ka ba manomi kuɗi ko dawa da damina lokacin da yake cikin matsi, ya biya ka da riɗi da kaka a farashin da ka yanka tun ran nan. Jikan mai masaukina shi ya fito a ɗan kasuwar, ya cusa matashi a riga ya yi tumbi, yana jan carbi da hannun dama yana danna sikeli da ɗan yatsan hagu. Wallahi har yadda nake gyaran murya kafin in faɗi farashi sai da ya yi. 'Yan kallo na ta faɗuwa don dariya. A ƙarshe ɗan manomin, wanda ya yi makaranta, ya karɓi littafin bashin ya sake lissafin da babbar murya, aka ga an ninka wa ubansa sau biyu. Na saci kallon yarona. Ba ya dariya. Kwana tara yana riƙe da littafina, ya san abin da ke ciki, shel ɗin da na bayar a damina ma yana shafi na uku.

A hanyar komawa ba mu yi magana ba sai da fitilun Gadarif suka bayyana. Ya ce, "Baba, buhun mutumin nan na Um Rakuba, in aka bi farashin kasuwar amfanin gona ta yau, akwai ragowarsa a wurinmu." Na ce na ji. Na ce kuma ranar Lahadi ya koma aji, ko malamai sun zo ko ba su zo ba. Ragowar na aika wa mutumin ta hannun mai masaukina, ban ce na ji daɗin fitar da ita ba.

Ya koma, amma shahadar ba ta zo a lokacinta ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, aka rufe makarantun ƙasar. Gadarif ba a yi faɗa a cikinta ba, sai dai ta cika da masu gudu, daga Khartum, sannan daga Wad Madani da ta faɗi a Disambar wannan shekara, sannan daga Sinja. Makarantarsu ta zama masauki, iyali biyu ko uku a aji ɗaya, an rataye zannuwa a tsakani, ana girki a gindin allo. Mu da muka je kallon 'yan gudun hijira a Um Rakuba, sai ga su a bakin ƙofarmu, kuma 'yan ƙasa.

Wata ashirin ya yi yana jira. Da safe yana shago tare da ni, wannan karon da yardar uwarsa. Da la'asar shi da abokansa biyu suka kafa rakuba a filin ƙwallon makarantar, bayan raga, suna koya wa yaran masu gudun hijira lissafi, in an tashi a buga ƙwallo. Falankin allon daga shagona ya ɗauka, fentin ma ni na saya, bai ko tambaye ni ba sai da aka kawo rasit.

Ranar 28 ga Disambar 2024 aka fara jarrabawar 'yan ajinsu. Ni na kai shi a babur, da biro biyu da kwalbar ruwa. Ya haye, ba da makin likitanci ba, amma ya isa ya nemi gurbi a Jami'ar Gadarif, fannin noma yake so. Littafin awo ya dawo hannuna, na sayi tabarau. Ƙanwarsa ce yanzu a sakandare, kuma an ba ta fitowa a wasan makarantarsu na bana. Na tambaye ta a me za ta fito, ta ce matar ɗan kasuwa.