Wata Ɗari Biyu da Saba'in da Huɗu, Mu Kuwa Ɗaya Ya Gagare Mu

Cikin azumin 2025, bayan mun idar da tarawihi muna zaune a ƙofar masallaci, sai wani yaronmu da ke karatu a Kafanchan ya ɗaga waya ya ce: "Baba Liman, an gano sababbin watanni 128 suna kewaya Zuhal." Muka ce wane Zuhal? Ya ce tauraron nan mai zobe. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ce ta tabbatar ran 11 ga Maris, jimillar watanninsa ta zama 274. Wani dattijo ya bushe da dariya ya ce, "To ai mu ɗaya tak Allah Ya ba mu, amma kowace shekara sai mun yi musu a kansa."

Kowa ya yi dariya. Mu kam dariyar ba ta kai mana ciki ba, kuma za mu faɗi dalili.

Akwai wani malamin kimiyya, maƙwabcinmu Bajju, wanda kallon sama ya zame masa abin sha'awa. Washegari ya zo da madubin hangen nesa, ya kafa a kan buhunan citta a bakin rumfarmu. Ya ce Zuhal ba zai ganu ba a kwanakin, yana jikin rana. Sai ya juya madubin yamma, ba nisa da Kaza da 'Ya'yanta, ya nuna mana Mushtari. Muka leƙa. Wallahi ga ɗigo huɗu a jere a gefensa, kamar tsakin da aka zuba wa kaji. Ya ce waɗannan su ne Galileo ya gani a 1610. Na kusa da tauraron bai cika kwana biyu ba yake gama kewayensa, na nesa kuwa sai ya yi kusan kwana 17. Da muka sake leƙawa dare na biyu, kowanne ya sauya wuri.

Muka tambaye shi, su waɗancan sababbin fa, ta yaya aka san watanni ne? Ya ce ƙanana ne ƙwarai, faɗin wasunsu bai wuce 'yan kilomita ba, kuma da yawansu baibai suke tafiya, saɓanin yadda Zuhal ke juyawa. Da wani babban madubi a kan dutsen Mauna Kea a tsibirin Hawai aka ɗauko su. Amma fa ganin ɗigo sau ɗaya ba ya mai da shi wata. Sai an bi shi dare bayan dare, an koma kansa bayan watanni, an tabbatar da hanyar da yake bi, sannan a kai ga masu tantancewa. Hotunan 2023 ne, ba a yi shela ba sai 2025. Ya ce ko a 2021 da wani mai sha'awa, wanda ba sana'arsa ba ce, ya tsinto wani watan Mushtari cikin tsofaffin hotunan 2003, bai tsira da cewa "na gani" ba. Sai da ya kawo lissafin hanyarsa.

Nan ne jikinmu ya yi sanyi. Wata shekara can baya, daren talatin ga azumi bai zo ba, muna daren ashirin da tara, wani ya bugo mana waya cewa an ga wata a garinsu. Ba mu tambayi wa ya gani ba, ba mu jira sanarwa daga Sakkwato ba. Muka hau lasifika muka faɗa. Mata suka kwana suna girki, wasu gidaje suka wayi gari ba azumi. Ashe zancen ba shi da tushe. Aka rama kwana ɗaya, amma har yau akwai wanda idan muka yi sanarwa sai ya aika a tambayo masa wani masallacin. Mu muka jawo, ba mu ga laifinsa ba.

Abin da muka karanta tun muna yara bai ɓuya ba: a Malikiyya adalai biyu ake nema, ko taron da ba zai haɗu a kan ƙarya ba, in ba haka ba a cika talatin. Watanmu daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana ashirin da tara da rabi yake yi, shi ya sa lissafin ke faɗawa 29 ko 30. A nan Zonkwa kuma, ga hazo da rani, ga hadari da damina, ido na iya yaudarar mai shi. Don haka ne labarin gani ke bi ta hannun hakimai da sarakuna zuwa kwamitin ganin wata, kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi magana.

Roƙonmu ga 'yan'uwa, musamman matasa masu tura saƙo a WhatsApp: mu fita mu duba wata, neman sa alheri ne. Wanda ya gani ya kai wa liman da mai unguwa, ya faɗi inda ya tsaya, da lokacin, da gefen da ya gan shi. Wanda bai gani ba ya riƙe yatsansa. Mutanen da ba azumin kowa a wuyansu sun yi haƙurin fiye da shekara kafin su yi shela. Mu da ibadar gari ke rataye da bakinmu, haƙurin sa'a biyu bai kamata ya gagare mu ba.

Allah Ya yafe mana kurakuranmu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.