Daren Da Jarumarmu Ta Yi Kai Biyu

Ku da kuke kwance a falo kuna kallon waƙa, ba ku san gumin da ake yi a ɗakin editin ba. Bari in ba ku labarin wani sin da ya kusa raba ni da sana'ata.

Waƙar biki ce, ƴan rawa sun kai talatin. Darakta ya dage sai an ɗauke su duka a hoto mai faɗi irin na finafinan Indiya, ga lambun ƙarami, babu wurin ja da baya. Ni ne na yi karambanin cewa a jera kyamara biyu, kowacce ta ɗauki rabi, su ɗan hau juna a tsakiya, ni kuma in ɗinke hotunan a kwamfuta.

Katanga ta haɗu, furanni sun haɗu, har na fara yi wa kaina kirari. Sai ga jarumar ta juyo za ta tsallaka tsakiya. Wallahi sai da na ture kujera! Kai biyu, hannu huɗu, sai ka ce aljana. Na kira furodusa na ce a sake ɗauka. Ya ce, "Malam, yarinyar nan ranar Asabar aka kai ta ɗakin mijinta. Ka san yadda za ka yi." Kuɗin fim ɗin kuwa na filinsa ne da ya sayar.

Ka ɗaga yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Ka ga yatsan ya yi tsalle amma bangon nesa bai motsa ba? To haka kyamara biyu suke. Abin da ke nesa suna ganinsa wuri guda, na kusa kuwa kowacce da inda take ajiye shi. Ga kuma saɓanin lokaci: hoto 25 ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya, kuma ɗayar ta riga ɗayar da hoto biyu. Ga mai juyi da sauri, wannan ya isa ya ƙara mata hannu.

Tafin da ƴan rawa suka yi a farkon waƙar ne ya cece ni, da shi na daidaita lokacin. Sannan na daina narka hotunan biyu cikin juna a tsakiya, don narkawar ce ke haifar da inuwar. Na matsar da ɗinkin kan gindin wata bishiyar mangwaro, in jarumar ta shigo in ɗauke ta gaba ɗaya daga kyamara guda har ta wuce. Daƙiƙa shida ce kacal, amma hoto 150 na bi ɗaya bayan ɗaya har aka kira assalatu.

Ashe ma dabarar bishiyar tsohuwa ce. A fim ɗin Amurka How the West Was Won na 1962, wanda aka ɗauka da tsarin Cinerama mai ido uku, bayan bishiyoyi da turaku suke ɓoye mahaɗar. Manhajojin yanzu kan bi motsi su gyara da kansu, amma mutum ya matso dab da kyamara, su ma sai su rikice.

Fim ya fito, ba wanda ya lura, sai ƙanwata da ta ce gefen gyalen jarumar ya ɓace na ɗan lokaci. Na ce mata iska ce.