Dakoro: Inda Ake Canza Pon ɗin Mota a Ƙofar Gida

Wanda ya tashi daga Maraɗi ya yi arewa, ya wuce Tibiri da Kornaka, zai sauka Dakoro. Kwalta ce ke kai mutum garin. Daga nan kuwa in an nufi Bermo ko dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, sai rairayi da kwazazzabai na kwarin Tarka. Nan ne motocin kasuwa ke shan wuya, Hilux da Land Cruiser, an labta masu buhunan hatsi, ga tumaki, ga mutane bisa kaya.

Abin da ke fara gajiya shi ne pon na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yana juya su. In ya fara kuka, ko mai ya riƙa tsiyaya bakin taya, direban kirki ba ya jira. Mun ga ana wannan aiki ƙofar wani gida, ƙarƙashin bedi, direba da yaransa biyu da makaniki guda.

Sun ɗaga motar, suka girke ta bisa kututtura masu kauri. Wannan daidai ne, jama'a, don jak shi kaɗai cikin rairayi nutsewa yake, kuma motar da ta faɗo wa mutum ba ta barin sa da ƙashi. Suka kwance farfela da bututun birki da ƙusoshin da ke ɗaure pon ga sifirin, suka jawo shi bisa tabarma don kada ƙasa ta shiga.

Wanda za a sa, na hannu ne, daga Maraɗi aka kawo shi. Makanikin bai yarda da shi haka nan ba. Ya buɗe, ya ƙidaya haƙoran babban giya da na ƙarami, ya gwada da na tsohon. Dalili kuwa, motar da ke ja da ƙafa huɗu, in lissafin gaba da na baya suka saɓa, ƙafafun ba su tafiya tare, sai giya ta ci kanta. Masu gaggawa da yawa nan suke asarar kuɗinsu. Ya canza boris da robobin tare mai, ya shafa fenti ga haƙoran ya juya, ya duba ko tsakiya suke cizo. Ya kuma buɗe 'yar kafar iska da ke bisa, wadda ƙura kan toshe har zafi ya turo mai waje.

Bayan la'asar aka ɗaura, aka zuba mai mai kauri, lamba 90, aka fitar da iska daga birki. Motar ta zaga gari ba kaya, aka sake matse ƙusoshi. Da asuba ta kama hanyar Sakabal da lodinta, wanda a ganinmu ya yi mata yawa.