Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A arewa maso gabashin Amurka, cikin duwatsun jihar New Hampshire, akwai wani daji da ake kira Hubbard Brook. Ƙananan ƙoramu ne ke gangarowa daga tsaunukansa, kowace da kwarin da take tattara ruwansa. Ƙarƙashin ƙasar wurin fā ne wanda ruwa ba ya ratsawa, saboda haka kusan duk ruwan da ya gangara daga kwari sai ya bi ta ƙoramarsa. Wannan ne ya ja hankalin wani matashin malami, Gene Likens, da abokan aikinsa uku, Herbert Bormann da Noye Johnson da Robert Pierce. A shekarar 1963 suka fara wani aiki mai kama da na ɗan kasuwa mai lissafin shiga da fita: su auna abin da ruwan sama ya kawo wa daji, su kuma auna abin da ƙorama ta tafi da shi.

Aikin ba shi da wani armashi. Kowane mako mutum zai ɗauki kwalabe ya hau dutse, ko ana zafi ko ana dusar ƙanƙara, ya ɗebo ruwa, ya rubuta rana da wuri, a kai ɗakin gwaji. Amma tun a farko suka ga abin mamaki. Ruwan saman da ke sauka a wannan daji, nesa da kowace masana'anta, ya fi yadda suka zata tsami kusan sau ɗari. Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Da suka bi sawu, sai suka gano cewa hayaƙin kwal mai ɗauke da farar wuta ne iska ke kwasowa daga tashoshin lantarki masu nisa, ya gauraya da gajimare. A 1972 suka bayyana wa duniya sakamakon.

Ba kowa ne ya yarda ba, domin gyaran tashoshin yana cin kuɗi. A 1983 Likens ya je fadar shugaban ƙasa ya yi wa Ronald Reagan bayani, amma sai a 1990 aka gyara dokar tsabtace iska, aka tilasta rage hayaƙin. Daga nan tsamin ruwan ya ci gaba da raguwa, kuma kwalaben nan ne shaida.

Sai dai lissafin ya tona wani asiri. A 1996 masu binciken suka nuna cewa ruwan mai tsami ya daɗe yana wanke sinadarin kalsiyam daga ƙasa, har itatuwa suka raunana. A 1999 aka watsa garin wani dutse mai kalsiyam a kwari guda daga jirgi mai saukar ungulu, itatuwan kwarin kuwa suka farfaɗo.

Da an tsayar da awon bayan shekara uku ko biyar, da ba a ga wannan ba, domin damina ɗaya ba ta nuna halin kogi: wata shekara ruwa ya yi yawa, wata ya yi ƙaranci. Bormann ya rasu a 2012, amma aikin bai tsaya ba. Fiye da shekara sittin ke nan ana cika kwalaben, kuma da yawa daga cikin masu hawan dutsen a yau ba a haife su ba lokacin da aka cika ta farko.