Lobsta da masu nutso

'Yan'uwa, mu da muka tashi da tarwaɗa da ƙarfasa, sai a Legas muka fara ganin lobsta, ƙaton jatan landen nan mai tsada. Dariya muka yi: wannan ƙwaro, wa zai ci?

Labarin 'yan ƙabilar Miskito na ƙasar Honduras ne ya kashe mana jiki. Mutum zai goya tulun iska ya faɗa teku daga ƙaramin kwalekwale, yaro na sama yana bin kumfar numfashinsa. Gwargwadon nauyin kamu ake biya, shi ya sa ba hutu: ya nutse, ya taso da gaggawa, ya koma. Iska ta yi kumfa a jini, ƙafafu su shanye. Wasu gawarsu ma ba a gani. Lobstan kuwa, yawanci Amurka ake kai shi.