Ɗakin Ƙanƙara: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Duk lokacin da zafin bazara ya kankama, maganar gina ɗakin ƙanƙara kan taso a tsakanin 'yan kasuwar garinmu Gafasa da ke ƙaramar hukumar Ajingi. Da yake ana yi mini kallon ɗan boko, ni ake tambaya, kuma tambayar ba ta sauyawa: nawa zai ci? A ganina, kuɗi ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Da farko, me za a ajiye? Kifi da nama da kaji sai an daskarar da su a digiri 18 ƙasa da sifili kafin su yi watanni. Tumatir kuwa irin wannan sanyi lalata shi yake yi, bukatarsa digiri 10 zuwa 13 ce. Wanda ya haɗa su a ɗaki guda ya yi biyu babu.

Sai jikin ɗakin. Aikin inji shi ne kwashe zafi ya fitar waje. Don haka bango da rufi da daɓe duk sai an lulluɓe su da allunan ƙarfe masu soso a tsakiya, kaurin santimita 10 zuwa 15, ƙofa kuma ta rufe ruf da roba a bakinta. Duk kafar da aka bari, man janareto ne zai biya.

Na uku wuta. Naman da ya narke ya daɗe, aka sake daskarar da shi, cuta ne ga mai ci, alhaki ga mai sayarwa. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, ya nuna hasken rana na iya riƙe ɗakin sanyi a kasuwa. Sai dai nasa na sanyaya kayan gwari ne, daskarwa ta fi cin wuta nesa ba kusa ba. Kuma in inji ya tsaya da tsakar dare, a tabbatar akwai mai gyara kusa, kada sai an jira shi daga Kano.

Nakan tuna marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse maƙwabciyarmu. Tukunya ya sa cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su ruɓe ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da bukatar manomi da abin da ke hannunsa ya fara.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce mu ma mu fara daga nan. A auna kaya, a auna wuta, a nemo mai gyara, sannan a kira magini. Allah Ya sa mu dace.