Murfin Bawul da Gishirin Titi

A cikin dukkan kayan mota babu abin da ya kai murfin bawul ƙanƙanta da araha. Bai fi kan ɗan yatsa ba, aikinsa kuwa shi ne ya hana ƙura da ruwa shiga bakin bawul, ya kuma tare iska idan allurar ciki ta fara yoyo. A gida ba mu cika kula da shi ba. Mai faci zai kwance shi ya ajiye a ƙasa, ya ba taya iska, sau da yawa a rabu ba wanda ya tuna da shi, kuma mota ta yi shekaru a haka. Sai da zama ya kawo ni jihar Mishigan ta Amurka na san cewa wannan ɗan abu yana iya tsayar da magidanci a bakin hanya.

Dalilin kuwa gishiri ne. Idan hunturu ya shiga, dusar ƙanƙara ta rufe tituna, hukuma kan fito da manyan motoci suna barbaɗa gishiri domin ƙanƙarar ta narke. A ƙarƙashin birnin Ditiroyit ma akwai mahaƙar gishiri mai zurfin sama da mita 300, kuma gishirin titi ake fitarwa daga cikinta. Wannan ruwan gishiri shi taya ke kwana tana iyo a ciki, tun daga Disamba har zuwa Maris.

Motar da na saya ta hannu ce, ta zo da murafu huɗu na alminiyam masu ƙyalli, irin waɗanda samari ke sa wa mota don ado. Wata safiya a Janairu fitilar gargaɗin taya ta kama a gaban sitiyari. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin iskar taya takan ragu da kimanin awo ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Faranhait. Na tsaya a gidan mai zan ƙara iska, na kama murfi na murɗa, ko motsi. Na zagaya sauran ukun, biyu suka ƙi, ɗaya ya fita da ƙyar yana zubar da wani farin gari kamar toka.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon makaniki da ya yi ritaya, shi ya warware mini al'amarin. Ya ce zaren bawul na tagulla ne, murfin kuwa alminiyam. Duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, to sun zama ƙaramin batir, ɗaya yana cin ɗaya. A nan alminiyam ne ke ciwuwa, kuma garin da yake zama ya fi ainihin ƙarfen cika wuri, sai ya cushe zaren ya ɗaure shi tamau. Masana suna danganta sunan irin wannan tsatsa ga Luigi Galvani, masanin Italiya da ya rasu a 1798. Ita ce kuma ta ci ƙarafan da ke riƙe da fatar jan ƙarfe ta mutum-mutumin 'yanci na birnin Niyok, har aka sauya su a gyaran da aka yi tsakanin 1984 da 1986.

Abin da ya fi jaddada mini shi ne kada a yi gaggawa. Tun daga Satumban 2007 doka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka na'urar lura da iskar taya, kuma a motoci da yawa na'urar tana manne da gindin bawul daga cikin taya. Wanda ya sa ƙarfi ya karya bawul, iska za ta fice nan take, sa'an nan ya biya kuɗin na'ura da na cire taya, duk a kan murfin da bai kai kuɗin kofin shayi ba. Hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Ga yadda na ga ya yi. Ya fesa man nan mai ratsa tsatsa a gindin murfin, muka shiga ciki muka sha shayi, muka fito ya ƙara fesawa. Daga nan ya riƙe jikin bawul da filaya ɗaya don kada ya juya, ya kama murfin da wata, ya ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin ya sassauta, gaba da baya, gaba da baya, har biyu suka saki. Na ukun ya ƙi. Sai ya ɗauko ƙaramin zarto ya tsaga gefen murfin a tsaye, a hankali, ya tsaya kafin haƙoran su taɓa zaren, ya sa bakin sukuddireba a tsagar ya murɗa, murfin ya dare kamar ɓawon gyaɗa. Na tambaye shi ko wuta ba za ta fi sauri ba, kamar yadda makanikanmu ke gasa noti idan ya ƙi. Ya girgiza kai, ya nuna mini robar da ke gindin bawul ɗin.

Ni a ganina murfin ƙarfe ba shi da wani amfani da ya fi na roba a ƙasar da ake zuba gishiri, in ban da ƙyalli. Wanda kuwa ya nace sai shi, to ya shafa ɗan giris a zaren, ya riƙa kwance shi duk wata idan zai auna iska, kada kuma ya ɗaure shi da abin da ya wuce yatsunsa. Masu bawul na alminiyam su ma su guji murfin tagulla, domin a nan bawul ɗin ne da kansa zai ciwu. Dattijon ya goge zaren da ƙaramin buroshi, ya ɗauko baƙaƙen murafun roba huɗu daga wani tsohon gwangwani ya ɗaura mini, ya ƙi karɓar ko sisi.